Abin da aka tattauna kan jaket da zafin Accra

1. Kusan kowa ya yarda cewa sunan kamfani ba ya hana gumi. Poliyesta ba ta shan zufa, kafin ka sauka daga trotro (motar haya) a unguwar Nima bayanka ya jiƙe sharkaf.

2. A duba shafin ciki. Wata jaket ɗin ulu ce a waje, shafinta kuwa poliyesta zalla. An fi yaba mai rabin shafi.

3. Nan ra'ayi ya rabu. Lilin da auduga sun fi shan iska amma suna saurin yamutsewa, masu aikin ofis kuma suka ce poliyesta ba ta wahalar guga. Ni dai ina bayan lilin.

4. Masu sayen gwanjo a kasuwar Kantamanto, ku karanta lakabin yadi, ku duba hammatar jaket ɗin.