Inji yana shaƙewa da ya haura juyi 7,000: shawagin bawul ne?

Mai_Totur: Assalamu alaikum masana. Inji ne mai silinda huɗu, an sa masa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin iska da hayaki) mai ɗaga bawul sosai, amma sifirin ɗin bawul na asali ne. Yana ja lafiya lau, da ya haura juyi 7,000 a minti sai ƙarfi ya yanke, ya dinga tari ta salansa. Filogi da mai ƙalau suke. In shawagin bawul ne, wato bawul ya kasa rufewa a kan lokaci saboda saurin juyi, canza sifirin kaɗai ya isa?

Oga_Kamshaf: Wa alaikumus salam. Fara tabbatar da cewa ba kwamfutar motar ce ke yanke mai a wannan juyin ba. In ba ita ba ce, to shawagin bawul ne. Kamshaf rabin juyin karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) yake yi, ke nan a 7,000 kowane bawul yana buɗewa ya rufe kusan sau 58 a daƙiƙa. Kam, wato tudun da ke jikin kamshaf, ke tura shi, sifirin kaɗai ke dawo da shi, kuma ƙarfin da ake nema wurin sifirin ninkawa yake idan juyi ya tashi daga 6,000 zuwa 8,500. Da sifirin ya gaza sai tafet (ƙarfen da ke tsakanin kam da bawul) ya rabu da kam, bawul ya makara, ko ya daki mazauninsa ya yi tsalle, matsi ya zube. Daina kai injin wannan juyin, malam. Bawul ɗin hayaki fistan ke fara cimma, yana taɓa shi kuwa ya lanƙwashe.

Bakanike_Tsoho: Oga ya yi daidai, sai dai sifirin mai taurin tsiya shi ma ɓarna ne, cinye kam da tafet yake. Ɗauki wanda kamfanin kamshaf ɗin ya ƙayyade, ka auna tsawonsa bayan ɗaurawa. Idan bawul ya buɗe iyakarsa, a bar wa sifirin kamar milimita 1.5 kafin zobbansa su haɗe, in ba haka ba karyewa zai yi. Tsakanin bawul da fistan kuma, liƙa yumɓu a kan fistan, rufe kan injin, juya shi da hannu sau biyu, sannan ka yanka yumɓun ka auna: ana son tazarar milimita 2 a bawul ɗin shigar iska, 2.5 a na hayaki.

Injiniya_B: A rage nauyi ma. Hular sifirin (wadda ke riƙe shi a jikin bawul) ta titaniyam da sifirin mai tsukakken kai suna taimakawa, na biyun yana kashe karkarwar da ke kama sifirin a wani juyi. In tafet mai aiki da man inji ne, yakan cika da man ya hana bawul rufewa bayan shawagi. Kafin ka sayi komai, gwada matsin kowace silinda, don mai yiwuwa wani bawul ya riga ya lanƙwashe.