Gaɓoɓin ɗangayena daidai suke, amma waƙar ta ƙi reruwa

Sabon Alƙalami:
Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta waƙa 'yar ƙwar biyu, kowane ɗango gaɓa 12, amsa-amo bai kuskure ba. Amma da an zo rerawa sai wasu ɗangayen su cije, dole a ja wata kalma ko a haɗiye ta. Ina matsalar take?

Malam Na-Aruli:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙirga gaɓoɓi kake yi, alhali auna su ake yi. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" na gida. Mai nauyi kuwa ko dai baƙi da dogon wasali, kamar "ka" na kasuwa, ko wadda baƙi ya rufe, kamar "gas" na gaskiya. Jerin masu nauyi da marasa nauyi shi ne karin waƙa.

Sa wa mai nauyi alamar (–), marar nauyi (v), ka duba wannan ɗangon:

Gaskiya dukiya, duniya kasuwa
– v – / – v – / – v – / – v –

Kowane rukuni tsakanin alamar (/) ƙafa ce. Ƙafa huɗu ke nan na fa'ilun (– v –), karin Mutadarik. To cire "dukiya" ka sa "aboki". Gaɓa 12 ɗinka suna nan, amma aboki (v – –) ne, ƙafar fa'ulun, kuma nan harshe zai yi tuntuɓe. Gidan aboki Mutaƙarab ne, inda zai zauna da irin su karatu, rubutu, tunani, bayani.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne boko ba ya nuna tsawon wasali. "Fara" ta launi (v –) ce, "fara" ta soma aiki (– –), a takarda kuwa ba bambanci. Marubutan ajami sun fi mu sauƙi a nan, don alif da wawu da ya suna nuna inda aka ja. In kana shakkar kalma, duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Uwar Ɗalibai:
Allah ya saka wa Malam. Ƙanena, bari in nuna maka inda aka fi karyewa, wato ƙananan kalmomi. "Ya" na "ya zo jiya" dogo ne, amma na "sai ya zo" da na "Allah ya kiyaye" gajere ne. Haka aikatau yakan sauya: a "ya kama shi" wasalin "ma" dogo ne, a "ya kama ɓarawo" ya gajarce. "Gida" ma ƙarshensa dogo ne, amma a "yana gida" ko "a gida" gajere. Da, na, ta, ga, a, irin na "da shi", "na Audu", "ta Audu", "ga Allah", "a gida", duk marasa nauyi ne, kada ka ɗora musu nauyin ƙafa.

Yadda za ka yi: ɗauki ɗangon da ya fi daɗin reruwa, ka yanka shi gaɓa-gaɓa yadda baki ke faɗa, ka sa alamomi, ya zama ma'auninka. Sauran ka jera su a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Inda alama ta saɓa, nan ciwon yake. Gaɓar ƙarshen ɗango kada ta dame ka, mai nauyi ake ɗaukarta ko yaya take.

Akwai sassauci kuma. A karin Kamil, ƙafar mutafa'ilun (v v – v –) tana iya komawa (– – v –), marasa nauyi biyu sun zama mai nauyi ɗaya. Shi ya sa za ka ga mawaƙi ya ce "ilimi" a wani baiti, ya ce "ilmi" a wani. Ɗango mai gaɓa 13 zai iya dacewa da mai 15 sarai.

Ɗan Makaɗa:
Duk gaskiya ne, sai dai kada a tsorata yaro da sunayen Larabci. Halilu ɗan Ahmad na Basra don waƙar Larabawa ya tsara aruli, wato ilimin auna karin waƙa, kuma ba kowace waƙar Hausa ke shiga cikinsa ba. Shata da Narambaɗa kiɗa suke bi, kalangu da kotso su ke cike gurbi. Cikin marubuta ma Aƙilu Aliyu ya ari karin makaɗan baka. In da raujin da kake bi, tafa hannu kana rerawa, ka ga wace gaɓa ke faɗowa kan tafi.

Malam Na-Aruli:
Ban ƙi ba, amma mai rubutu ba shi da kalangu a bayansa, kuma wanda zai karanta bai san raujinsa ba. Ko wane kari ya ɗauka, ya riƙe shi har ƙarshe. Sabon Alƙalami, kawo baiti biyu, mai reruwa da mai cijewa, mu yanka su a nan.