Neman hanyar keke mai hawa da gangara a kewayen Dutse, ta ni kaɗai da kuma wadda zan je da yara

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san lungu da saƙo na ƙasar Dutse. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan kusa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine mashin na sayi keke na hannu mai giya, irin mai faɗin tayar nan da shokozoba a gaba wanda dama dan hawa tudu da duwatsu aka ƙera shi. Da farko makaranta kawai nake zuwa da shi in dawo, to yanzu abin ya shiga raina sosai wlh, ranar Asabar in na idar da asuba ba abin da nake so irin in hau in nausa daji, jikina ma ya fi min daɗi. Matsalar ita ce kwalta kaɗai na sani, ita kuma ga tifofi ga 'yan haya masu gudun wuce sa'a, in kuma na saki titi na bi wata 'yar hanya sai ta kai ni cikin rairayi ko ta mutu a tsakiyar gonar mutane.

To ya ake gane hanya mai kyau, mai hawa da gangara, wadda mutum zai yi awa biyu ko uku shi kaɗai? Sannan yarana sun matsa min lamba sai na riƙa zuwa da su, babban shekararsa 12 yana da kekensa, Ummi 9 ita ma ta iya, ƙaramin 5 sai dai a goya shi a kariya. Ina ne zan kai su da ba haɗari? Ina so su tashi sun san ƙasarsu ba waya da talabijin kaɗai ba.

Ɗan Garu:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ai kai ka zauna a inda ake nema, garin da sunansa ma Dutse. Ni haifaffen Garu ne, cikin duwatsun nan muka yi wasa, kuma abin da zan faɗa maka shi ne hanya tana wajen mutanen da suke binta kullum, su za ka tambaya. Na farko masu kawo itace da kara a keke, ka lura da su da sassafe in suna shigowa gari, mutumin da ya laftawa keke kaya ba zai taɓa bin rairayi ba, duk inda ya biyo to fako ne ko marmara, tayarka za ta gudu a kai. Ka tsayar da ɗaya ku gaisa ka tambaye shi ta ina ya biyo, ko ma ka bi bayansa in zai koma. 'Yan acaɓan ƙauye ma sun sani amma ka yi hattara da bayaninsu dan mashin yana da ƙarfin keta yashin da kai sai ka sauka ka tura, in ɗan acaɓa ya ce maka hanyar lafiya lau ce ka sake tambayarsa akwai rairayi? Sai makiyaya, su ne suka san burtali da inda yake ɓullewa da inda kwazazzabo ya cinye shi, burtali kuwa hanya ce mai daɗi ga mai keke saboda doguwa ce ba ta mutuwa a gona, sai dai in ka haɗu da garke ka sauka ka tsaya gefe su wuce, kar ka kutsa tsakiyar shanu kana buga ƙararrawa, ka tsorata su ka jawo magana, ga karnuka kuma.

Abu na biyu ka koyi kallon ƙasa. Yankinmu iri biyu ne a haɗe, akwai jigawa wato tudun yashi, akwai kuma gindin duwatsu inda ƙasar take da tauri da tsakuwa. In ka hango ƙasa fara sol mai laushi ka kauce, in ka ga ja mai tsakuwa ka bi. Yawanci hanyar da take zagaye gindin dutse ita ce mafi kyau, tana ɗan hawa tana sauka, ga inuwa da safe. Amma ka nisanci ɓangaren da masu fasa dutse suke aiki dan suna sa nakiya, kuma nan ne tifofi suke zarya.

Lokaci ma yana da nasa. Daga ƙarshen kaka zuwa hunturu, wato Nuwamba har Fabrairu, shi ne lokacin yawon keke a nan, an girbe an kwashe amfanin gona, ƙasa ta bushe, rana ba zafi. Bazara kam daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ka fita bayan asuba ka tabbata ƙarfe tara ta yi maka a gida. Da damina hanyoyi da yawa suna komawa gona, kar ka taka shukar kowa, sannan a watan Agusta kar ka shiga kwazazzabo ko da ka gan shi a bushe in dai akwai hadari a gabas, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya zubowa ya same ka a ciki. Kuma in za ka riƙa ratsa wani ƙauye a kai a kai ka je ka gaida mai unguwa ka faɗa masa ko kai waye, a wannan zamanin baƙon da ake gani yana zagaya bayan gari shi kaɗai yana ɗaga waya dole a sa masa ido.

Mai Faci Kwanar Huguma:

Malam ni gyaran keke ne sana'ata, bari in yi magana a kan abin da na sani. Babban abokin gabarka ƙaya ce ba dutse ba. Tsidau yana nan birjik a kan fako, ga ƙayar aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, bayan girbi kuma tushiyar karan dawa da aka sare tana yanka taya. In ka ga inuwar aduwa kar ka shige da keke ƙarƙashinta, ka ajiye shi nesa ka taka da ƙafa. Dabarar da muke yi wa masu zuwa daji ita ce mu samu tsohon tif mu tsaga shi mu shimfiɗa a cikin taya kafin mu sa sabon, nauyi yana ɗan ƙaruwa amma ƙaya ba ta saurin kaiwa ciki. Kar ka fita ba famfo da faci da sholisho da tif guda na ajiya, ka koya wa babban yaronka yin faci shi ma.

Iska kuma kar ka cika ta tam in daji za ka, ka ɗan rage kaɗan, tayar za ta fi kama ƙasa kuma ba za ta nutse a yashi da wuri ba, amma kar ta yi laushin da rim zai riƙa dukan dutse dan nan take zai cije tif. Giya ka sauya ta tun kafin ka fara hawa, ba sai ka kai tsakiyar tudu kana danna feda da ƙarfi ba, haka ne yake tsinka sarƙa. In za ka gangaro ka ja jikinka baya a kan sirdi ka kama birki biyun a hankali, wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai ta kan keke zai wuntsila. Da hunturu ka riƙa goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mai kaɗan, in ka malala mata baƙin mai ƙura ce za ta manne ta cinye haƙoran.

Maman Sadiq:

Malam Allah ya saka da alheri da ka yi tunanin yaran, ba kowane uba ba ne. Amma dan Allah kar ka haɗa hanyarka da tasu, duk abin da su Ɗan Garu suka faɗa na hawa da gangara naka ne kai kaɗai. Yaro ba tsawon hanya ne ya dame shi ba, so yake a ce ga inda za a je, a isa, a ci wani abu, a hau dutse da ƙafa a yi ihu a dawo. Mu a Birnin Kudu muke, maigidana yakan fita da namu kuma abin da muka gane shi ne in tafiyar ta wuce minti talatin zuwa arba'in kafin a huta to ƙaramar cikinsu za ta fara kuka, daga nan kuma an ɓata ranar, gobe in ka ce a fito ba mai binka. Ka zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya wadda kai ka riga ka bi ta kwana kusa, ka san inda rijiya ko famfon burtsatse yake, ka san inda inuwa take, kuma wadda mashin ko adaidaita zai iya shiga in wani ya gaji ko ya ji ciwo.

In kana son wurin da za su daɗe suna labarinsa ka kawo su nan. Akwai zanen mutanen da a jikin duwatsunmu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, hotunan shanu ne da aka zana tun zamanin da ba wanda ya san masu yinsa, tun shekarun 1950 masana suke zuwa dubawa, akwai kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke ƙara kamar ƙarfe, yara suna son wannan ba kaɗan ba. Wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, saboda haka ka nemi mai kula da shi ya zagaya da ku, kuma ka ja musu kunne kar su taɓa zanen ko su yi rubutu a jiki, abin yana min ciwo in na ga yadda wasu suke ɓata shi da gawayi. Amma kar ka ce za ku taho a keke tun daga Dutse, ku sa kekunan a mota, in kun iso sai ku hau daga cikin gari.

Sai maganar ɗan shekara biyar ɗin, in za ka goya shi a kariya ka tabbata da takalmi rufaffe a ƙafarsa kuma akwai abin da ya tare tsakanin ƙafar da sifok, wato wayoyin taya, yara da yawa diddigensu ya tafi a haka. Kar ka gangara dutse da shi a baya ko kaɗan. Ummi kuma a sa mata wando a ƙasan riga, hijabin ya zama gajere wanda ba zai kai sarƙa ko taya ba. Ka hana su zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa da kunama da zuma, ka hana su wanka a kududdufi saboda tsargiya da nutsewa. Ranar kuma ka tafi da maman su ma mana, ko a adaidaita ne ta same ku can da abinci, ita ma tana son shan iskar.

Abba Rano:

Baba Ɗan Garu ya yi gsky amma ni ina ganin waya ma tana da amfaninta. Malam ka buɗe Google Maps ka mayar da shi hoton tauraron ɗan'adam, za ka ga 'yan hanyoyin ƙafa farare siri-siri suna ratsa gonaki, duwatsu kuma za ka gan su baƙi-baƙi, daga nan kana iya gane wace hanya ce take zagayowa ta dawo da kai gida ba sai ka koma ta inda ka fito ba. Akwai manhajar OsmAnd da ake sauke taswira a ciki tana aiki ko ba netwok, sai manhajar Strava da take ajiye maka duk inda ka bi da yawan hawan da ka yi, sai dai kar ka sa ran samun hanyoyin wasu a ciki dan a ƙauyukanmu kusan ba mai amfani da ita, kai ne za ka fara zana naka.

In ka samu hutu ka zo ɓangarenmu, tsakanin Rano da Rurum har dam ɗin Tiga duwatsu ne ko ta ina, dam ɗin tun 1974 aka gama shi zamanin Audu Bako, ka hau tudu ka hango ruwa iya ganinka. Kazaure da Roni ma akwai tuddai masu kyau. Riruwai ta fi su duka tsaunuka, can inda ake haƙar kuza a Doguwa, amma hanyar ta dajin Falgore ce, ni ban ba ka shawarar shiga dajin nan kai kaɗai a keke ba balle da yara.

Ɗan Garu:

Abba ban ƙi taka ba, ku yaran yanzu kun fi mu sanin wannan. Abin da ya sa na nace a kan tambaya shi ne hoton ba ya nuna maka yashi ne ko fako, dukkansu fari za ka gani, kuma wani hoton ya yi shekaru, hanyar da ka gani ruwa ya riga ya yanke ta ko an yi mata shinge. Ya duba a waya da daddare, da safe ya tambayi mai itace, in maganarsu ta zo ɗaya sai ya bi. Kuma Malam duk ranar da za ka fita kai kaɗai ka faɗa wa iyali ta ina za ka da lokacin dawowarka, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha, da dabino a aljihu tunda Allah ya hore mana shi a Dutse, ka sayi hular kwano ko ta gwanjo ce, dutse ba ya yafiya.

Baban Ummi:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Akwai wani dattijo da yake wucewa ta ƙofar makarantarmu da itace kusan kullum, gobe in sha Allah zan tare shi. Hajiya maganarki ta shige ni, zan raba hanyoyin, Birnin Kudu kuma sai hutun ƙarshen zango in an biya albashi, da maman su za mu zo. Mai Faci wace rana kake zama a shago? Ina so in kawo kekunan uku ka sa mana tsohon tif ɗin nan, ka duba birkin na Ummi dan na baya baya kamawa sosai, ka kuma ga ko za a iya yi wa kariyar tawa abin tare ƙafa.

Mai Faci Kwanar Huguma:

Kullum ina nan Malam banda Juma'a da rana. Ka zo da safe kafin mutane su taru, ka taho da yaron babban ya zauna ya ga yadda ake cire taya. Abin tare ƙafar da tsohuwar jarka muke yankawa mu ɗaure a gefe biyu, ba wani kuɗi ba ne, in kana da jarka a gida ka riƙo ta.