Sabon malami kwana tara ya yi mana ya koma gari: yaya rabon malamai yake a wajenku?

Hedimastan Bakin Gulbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan mu ji ko ni kaɗai ne. Makarantar da nake riƙe da ita tana da aji shida, yara sun haura ɗari huɗu a rajista, mu huɗu ne malamai har da ni. A cikinmu ɗaya malamin Arabiyya ne, ɗaya kuma saura wata bakwai ya yi ritaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni ko a mafarki ban taɓa ganin haka ba.

Shekara uku ina rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu cewa a taimaka mana da mai Lissafi da mai Turanci. Bana bayan hutun ƙaramar salla sai ga takarda, an turo mutum biyu, dukansu masu NCE, takardar shaidar koyarwa ta kwalejin ilimi, da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Har walimar shayi muka yi. Na farko ban taɓa sa shi a ido ba, sunansa kawai na sani. Na biyun ya zo a kan acaɓa, yaro mai hankali, ya iya allo, yara suka so shi nan da nan. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi gulbi ya kawo, sai da ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya ɗora jakarsa a ka kafin ya haye. Kwana tara cif ya yi mana. Ran na goma sai ga takardar canjin wurin aiki, an mayar da shi wata makaranta a hedikwata, inda na sani sarai malamai sun fi talatin, wasu ma a gindin darbejiya suke wuni don babu ajin da za su shiga.

Ban ga laifin yaron ba. Tambayata ita ce: ku a wajenku yaya ake ɗauka, yaya ake rabawa?

Malama Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Hedimasta, ni ina cikin 'yan gindin darbejiyar da kake faɗa, don haka bari in yi magana. Gaskiya ne muna da yawa, kuma yawancinmu matan aure ne. Mace mai goyo, miji yana aiki a gari, yara suna makaranta, ka ce ta tafi ƙauyen da babu gidan malamai, babu mota sai ranar kasuwa? Ba za ta je ba, ko ta je ba za ta zauna ba.

Amma kada ka ɗauka yawan namu ya sa komai ya daidaita. Ni Hausa da Darasin Musulunci na haɗa a NCE. Da na kai takardata, hedimasta ya duba jadawali ya ce masu Hausa sun kai bakwai, Lissafin aji shida ne babu kowa, sai in riƙe. Wallahi zangon farko ɗana da ke aji biyu na ƙaramar sakandare shi yake koya mini da daddare, mu baje littafi a kan tabarma da fitilar waya, gobe in je in juye wa yara. Ranar da wata yarinya ta tambaye ni dalilin da ya sa ake juya lamba ta biyu idan ana raba ɓangare da ɓangare, cewa na yi ta zauna, haka dokar take. Har yau abin yana damuna. A takarda ni ƙwararriyar malama ce, lasisina yana nan a jaka. A gaban wannan allon kuwa ban fi yaran da komai ba sai tsawo.

Baba Mai Giredi Tu:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Mu da muka shiga aikin nan zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, wato 1976, daga kwalejin horon malamai muka fito da takardar Giredi Tu. Shekara biyar ana koya maka yadda za ka koyar da kowane darasi na firamare, daga rubutu da ƙirga har waƙa da aikin hannu. Ba ka fita sai an zo an zauna a bayan aji an ga yadda kake riƙe alli. In an tura ka ƙauye kuma babu wani zancen roƙo, ka ɗaure akwatinka a bayan keke. Mai gari zai ba ka ɗaki, tuwo yana zuwa daga gidaje uku.

Ba na cewa komai na da ya fi. A UPE ɗin ma an kwashi mutane da gaggawa, wasu horon 'yan watanni kawai suka samu, shi ya sa ma aka kafa NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna a wannan shekarar don a riƙa ɗaga su. Ni kaina a can na yi NCE ina aiki, ranakun Asabar da lokutan hutu, bayan an ce NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu NCE darasi biyu suke karantawa kamar waɗanda za su sakandare, sai a kawo su firamare a ce su koyar da komai. Kwas ɗin da aka tanada don firamare kuwa, yara gudunsa suke yi, wai na waɗanda ba su samu gurbi a wani wuri ba ne. To ka ga inda aka haifi matsalar Malama Maman Biyu.

Mai Jiran Tsammani:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ni kwas ɗin firamaren na yi, da son raina. Na gama, na biya kuɗi na zauna jarrabawar TRCN a kwamfuta, na ci, na karɓi shaida. Shekara biyar ke nan. Sau uku ina cike fom idan an ce za a ɗauki malamai, sau biyu na je tantancewa, mu wuni a rana da fayil a hannu. In jerin sunaye ya fito sai ka ga wanda ko layin bai shiga ba. Akwai wanda ya kira ni a waya ya ce yana da gurbi, in kawo albashin wata shida tun kafin in ga takarda. Na ce masa in da ina da wannan kuɗin ai da jari na ja.

Yanzu ina wata makarantar kuɗi a unguwarmu, abin da ake ba ni a wata bai kai kuɗin buhun masara ba, in an yi hutu kuma babu ko sisi. Hedimasta, ni a turo ni Bakin Gulbin. Na iya iyo.

Hedimastan Bakin Gulbi:
Ɗan'uwa, ka ba ni dariya ka kuma ba ni tausayi. Da da hannuna ake rubuta takardar, da gobe ka kwana a garinmu.

Tsohon Ma'aikacin Ofis:
Na yi shekara goma sha ɗaya a sashen ma'aikata na wani ofishin ilimi, ba zan faɗi ko ina ba ne. Bari in gaya muku yadda jerin fostin yake haihuwa. Mukan zauna da ƙididdigar makarantu, mu ga inda babu malami, mu jera sunaye tsakani da Allah. Wannan shi ne jeri na farko. Kafin Sakataren Ilimi ya sa hannu, 'yan guntayen takardu sun fara shigowa: wannan ƙanwar matar wane ce, wannan yaron mai girma kansila ne, wannan daga fada aka aiko. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Jerin da zai fita daga ƙarshe, in ka ɗora shi a kan na farko, ba za ka ce uwarsu ɗaya ba. Wanda ya rage a ƙauye shi ne wanda ba shi da kowa, shi ma daga ranar da ya sauka neman hanyar fita yake yi.

Wani abin kuma kuɗi ne. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, saboda haka in mutum goma sun yi ritaya ba kowane shugaba ne ke son a maye gurbinsu ba. Shi ya sa irin su Mai Jiran Tsammani suke zaune da takarda alhali azuzuwa babu kowa.

Abin da na gani a tantancewa kuwa, sai wanda ya gani. Mun taɓa samun mutum uku da takardar NCE mai lamba ɗaya. Mun samu wanda ke kasuwanci a Kudu, ƙanensa da ya gama sakandare ne ke shiga aji a madadinsa, ƙarshen wata su raba albashi. Abin haushin, yaran ajin sun fi son ƙanen, don shi kullum yana zuwa.

Kowa ya tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin El-Rufai: malamai wajen 33,000 aka yi wa jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, aka sallame su, gwamnati ta ce za ta ɗauki 25,000, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. An yi ta cacar baki a kan ko daidai ne ko zalunci. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, da yawa daga waɗanda suka faɗi suna da takarda. Kuma ko ka tace malamai ka samu zinariya zalla, in wanda zai raba su yana karɓar guntuwar takarda ta ƙarƙashin tebur, Bakin Gulbi haka za ta zauna da mutum huɗu.

Ɗan N-Power:
Ni ta ɗaya gefen na shigo. Digirin Kimiyyar Sinadarai gare ni, ban taɓa karanta koyarwa ba. Da aka fara N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a 2016 aka tura ni firamare, ana ba mu dubu talatin a wata. Na shiga aji uku da taƙamar ni ɗan jami'a ne. Minti goma ban yi ba aji ya kaure, wannan na kuka, wancan ya haye taga, ni kuma ina ta zuba Turanci. Wata dattijuwar malama da ke ajin kusa ta leƙo, ta tafa hannu sau uku ta ja wata 'yar waƙa, sai tsit kamar an ɗauke wuta. Ta ce mini, "Ɗana, ba su san harafi ba tukuna, kai kana ba su jimla." Ita ta koya mini rubuta tsarin darasi. Daga baya na je na yi PGDE, difilomar koyarwa ta masu digiri, na yi rajista. Don haka masu cewa takardar koyarwa ba ta da amfani, ban yarda ba. Sanin abu daban, iya sa yaro ɗan shekara takwas ya san shi daban.

Mushe daga Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Ina karantawa ina murmushi, kamar labarinmu kuke bayarwa. Mu nan yawancin masu riƙe da aji a firamare 'yan kwantiragi ne, ba cikakkun ma'aikata ba. Wasu sun bi ta makarantar horon malamai, wasu kuwa daga takardar burobe, ta kammala ƙaramar sakandare, aka miƙa musu alli. A 2017 mu ma an yi wa 'yan kwantiragi jarrabawa, aka soke wasu, aka mayar da wasu horo. Ni farkon aikina wani ƙauye aka kai ni, ajin zana ne, sai an gama girbi an samu kara ake kafa shi, damina na sauka a tashi. Ni ne darakta, ni ne malamin aji biyu a lokaci guda. Shekara huɗu na yi. Abin da ya zaunar da ni ba doka ba ce, mutanen garin ne suka ba ni gona, har na yi aure a can.

Shugaban Kwamitin Makaranta:
Ni ba malami ba ne, manomi ne, iyaye suka ɗora mini shugabancin kwamitin makarantar garinmu. Da muka gaji da zarya a ofis, sai muka tara iyaye a ƙofar mai gari. Muna da 'ya'yanmu biyu, mace da namiji, da suka gama NCE suna zaune. Muka ce su riƙa shiga aji, kowane gida ya kawo kwano biyu na hatsi da kaka, mai hali ya ƙara da kuɗi. Shekara biyu ke nan ba su taɓa fashi ba, don a nan uwayensu suke, ba gulbin da za su haye. Jikata da ke aji uku yanzu ita ke karanta mini saƙon waya.

Mun kai sunayensu ofis sau biyu, muka ce in za a ɗauka a ɗauki waɗannan, an riga an gwada su. Aka ce mu jira a buɗe. Da aka buɗe sai aka turo mana wani daga gari, shi ma bai kai wata ba.

Malama Maman Biyu:
Baba Shugaba, wannan ita ce maganar. A ɗauki ɗan gari a bar shi a garinsu. Kuma ina alawus ɗin malaman karkara da Buhari ya yi alkawari ranar malamai ta 2020? Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 dai an sa masa hannu a 2022. Na karkarar ni ban ga wanda ya ce ya shiga asusunsa ba. Da akwai shi da gidan kwana mai ƙofa, ko ni zan iya yin zango ɗaya a ƙauye in yaye ya wuce.

Hedimastan Bakin Gulbi:
Na gode ƙwarai, jama'a. Baba Shugaba, ka tuna mini da wata yarinya a garin nan da ta gama kwalejin ilimi bara, tana gida tana saƙar hula. Gobe in Allah Ya kai mu zan je wajen mahaifinta, daga nan mu wuce ƙofar mai gari. Tsohon Ma'aikaci, ka taimaka mini da abu ɗaya: in zan sake rubuta takarda, Sakataren Ilimi zan kai wa kai tsaye, ko in haɗa da sa hannun kwamiti da na mai gari in aika kwafi hukumar ilimin firamare ta jiha? Litinin ce ranar kasuwa, ita ce kaɗai ranar da mota ke fita daga nan.