Verstappen girman kai ne da shi ko dai ya yarda da kansa ne?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam 'yan uwa masu bin tseren motoci na Formula 1, nasan bamu da yawa a Katsina, kowa ƙwallo ya sani, amma dai ku taimaka min da ra'ayinku. Ni yaron nan Max Verstappen na kasa gane mishi. Tuƙi kam babu gardama, yana shekara 17 ya shigo a 2015, yana 18 ya ci tseren Sifen, ya ɗau kambun duniya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Amma abin da yayi wa Perez, abokin tuƙinsa a ƙungiyar Red Bull, a Burazil 2022 har yau yana min ciwo, ya riga ya ci kambu fa, babu abin da zai rasa, ƙungiya ta roƙe shi ya bar abokin aikinsa ya wuce saboda yana neman na biyu a teburin makin shekara, ya ce a'a kuma kada a sake tambayarsa. Perez ɗin da ya tare mishi Hamilton, abokin takararsa na kambu, a Abu Dabi 2021. Wannan yarda da kai ne ko tsabar girman kai?

Abba Direba:
Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa kafin ka yanke mishi hukunci ka fara tuna irin aikin. Mota na gudun sama da kilomita 300 a awa, kwana na zuwa, wanda ya riga taka birki shi aka wuce, kuma birkin nan in ka taka nauyin da ke danne ka ya kai ninki biyar na nauyin jikinka, to a wannan daƙiƙar in zuciyarka ta ce maka anya kuwa, an gama da kai. Dole ka shiga motar kana ji a ranka duk cikinsu babu kamarka. Ko a dambe ai haka ne, ɗan damben da ya fito fili yana kirari yana cewa shi ne kaza shi ne kaza babu mai ce mishi mai girman kai, in ya shigo yana sunkuyar da kai ma makaɗinsa ba zai bi shi ba. Sannan ku riƙa yi wa direbobin adalci kan maganar rediyon da suke magana da injiniyoyinsu suna cikin tsere, mutum na cikin zafi, gumi ya jiƙa shi, zuciya na bugu, ya faɗi magana ɗaya a ɗauka a watsa wa duniya. Raikkonen a Abu Dabi 2012 injiniyansa ya dame shi da bayani ya ce a ƙyale shi ya san abin da yake yi, kuma shi ya ci tseren. Da ya faɗi da yanzu ana cewa taurin kai ya kashe shi, da yake ya ci sai aka buga maganar a riguna ana sayarwa.

Maman Hanif Daura:
Malam Abba na yarda da rabin maganarka, rabin kuma sam. Ai ba a ce kada ya yarda da kansa ba. Hamilton yana ɗan shekara 10 ya je gaban Ron Dennis shugaban ƙungiyar McLaren a lokacin ya ce wata rana motarka zan tuƙa, kuma ya tuƙa ɗin har ya ci musu kambu a 2008, wannan ba wanda ya taka, kansa ya ɗora wa nauyi. Ni inda nake duba shi ne yadda mutum ke yi da mutanen da ke mishi wahala. Motar nan ɗaruruwan mutane ke haɗa ta, wasu kwana suke a masana'anta ba wanda ya san sunansu, masu canza taya su gama cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, sai kai ka hau rediyo ka tozarta su? Dubi Alonso a Japan 2015, a filin Suzuka wanda na kamfanin Honda ne masu ƙera injin motarsa, manyansu na zaune, ya kama ihu wai injinsu na ƙaramin rukunin GP2 ne. Injin ba shi da ƙarfi gaskiya ne, kowa ya gani ana wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya, amma a gidan mutane a gaban baƙinsu? Wannan cin fuska ne, kuma yasan za a watsa, Alonso ba yaro bane. Haka Vettel a Malesiya 2013, ƙungiyarsu ta ce kowa ya tsaya a matsayinsa, abokin aikinsa Webber ya rage wuta ya saki jiki, shi kuma ya lallaɓo ya wuce shi. Ya ba da haƙuri a ranar, bayan 'yan makonni kuma ya ce in aka sake zai sake. To kaga.

Abba Direba:
Hajiya ai Vettel ɗin a shekarar ya ci tsere tara a jere ya ɗau kambu na huɗu. Masu kunya ba sa cin wannan abin wallahi.

Baba Sani Rafindaɗi:
Yara ku baku ga komi ba, mu da muka kalli na da. Schumacher a Jerez 1997 da ya ga Villeneuve zai wuce shi ya tafi da kambu sai kawai ya karkato sitiyari ya buge shi, Allah da ikonsa shi ya ƙare cikin tsakuwa, Villeneuve ya lallaɓa ya gama na ukku ya zama zakara, hukumar FIA mai kula da tseren kuma ta goge sunan Schumacher daga teburin shekarar gaba ɗaya. Senna ma da ake ta yabo, Allah ya bashi baiwa ba ƙarya, a Suzuka 1990 kwanar farko ya afka wa Prost da suke takarar kambu su duka suka fita, bayan shekara ya amsa da bakinsa da gangan yayi. Abba ɗana, wanda ya yarda da kansa ai baya buƙatar ya buge abokin karawarsa, wucewa zai yi. Bugewar nan tsoro ne, ya ga abin zai kuɓuce mishi kuma a ransa ya ɗauka nashi ne ko ta halin ƙaƙa. Shi Verstappen naku duka biyun gare shi. Burazil 2024 daga na 17 ya taso cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya ci tseren, nan na cire mishi hula. Na Perez kuwa ƙullaci ne kawai ya riƙe.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba Allah ya ƙara girma, amma fa Perez ɗin ƙarshe na ukku ya gama a bayan Leclerc da maki uku, wurin da aka hana shi maki biyu ne kacal, ko an bashi ba zai kai ba. Wai ko shi yasa Red Bull suka share maganar?

Maman Hanif Daura:
Sun share ne don shi ke kawo musu kofi, a 2023 tsere 19 ya ci cikin 22, wa zai yi mishi faɗa. Bari motar ta lalace mishi shekara biyu a jere mu ji yadda zai riƙa magana da injiniyoyinsa.