Rufe sansanonin Maiduguri: gata aka yi wa 'yan gudun hijira ko kora?

Malam Goni: Assalamu alaikum jama'a. Ga matsayina, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, wanda Gwamna Zulum ya sanar a 2021, gata ne aka yi wa mutanen nan. Sansani ba gida ba ne. Akwai yaran da aka haifa a Bakassi da Dalori, har suka isa shiga firamare ba su taɓa ganin mahaifinsu riƙe da fartanya ba. Magidancin da yake da gona da shanu a Gwoza ko Marte ya koma bin layin masara da kati a hannu, shekara da shekaru. Ga kuma abin da aka riƙa yi wa 'yan mata da zawarawa saboda lomar tuwo, wanda har ƙungiyoyin kare haƙƙi suka rubuta rahoto a kansa tun 2016. Wa zai so wa 'yarsa irin wannan zama?

Yagana: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ba wanda ya ce sansani gida ne. Abin tambaya shi ne, da aka rufe, ina suka tafi? Ƙungiyar kare haƙƙi ta Human Rights Watch ta ƙirga sansani 8 da aka rufe tsakanin Mayun 2021 da Agustan 2022, mutum sama da 140,000. An ba magidanci abin da bai wuce naira dubu ɗari ba, aka ce ya koma. Ya koma ina? Ƙauyensa yana hannun 'yan bindiga. Wasu sun tsaya a garin Bama ko Monguno ko Gwoza, suka shiga wani sansanin da ya fi wanda suka baro cunkoso. Wasu kuwa ko tasha ba su je ba. Suna nan cikin Maiduguri, a kangaye da rumfunan tamfol da buhu, a filayen da ba mai so saboda kwari ne. Sunansu kawai ya fita daga takarda, su suna nan.

Baba Modu: 'Yata, ki bari wanda ya koma ya yi magana. Ni na koma yankinmu, kuma ban yi nadama ba. Bana na ci waken da na shuka da hannuna. Wannan daɗin, wanda bai taɓa miƙa kwano a zuba masa ba, ba zai gane shi ba. Amma gaskiya ɗaya ce: noman namu na cikin igiya ne. Da safe sojoji su buɗe ƙofa mu fita, kafin la'asar kowa ya dawo cikin ramin tsaron da ya kewaye gari. Ba a wuce 'yar tazarar da aka yanka mana. A wajenmu an hana shuka mai tsayi kusa da gari, wai kada a ɓuya a ciki, saboda haka dawa da gero sai dai mu saya, wake da gyaɗa muke yi. Filin kuma ya yi mana kaɗan, mutum goma a inda dā mutum ɗaya yake nomawa. Mai iyali da yawa dole ya tsallake iyaka, shi ko matansa masu neman itace. A nan ake ɗauke mutane.

Malam Goni: Kun ji ko? Baba da bakinsa ya ce bai yi nadama ba.

Yagana: Malam, ka ɗauki rabin maganar Baba ka bar rabi. Matan da aka sace a Ngala a farkon 2024, itace suka fita nema. Manoman da aka kashe a Dumba kusa da Baga a Janairun 2025, kusan 40, gona ce ta kai su.

Injiniya Sani: Ni daga Kano nake bibiyar ku, kuma ina ganin kun bar babban abu a baya. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024 ita ta gwada wannan tsari. Madatsar Alau, wadda aka gina a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan yari, inda fursunoni 281 suka fice. Mutum wajen 400,000 suka rasa matsuguni. To ina aka kai da yawansu? Bakassi. Sansanin da aka rufe a 2021 shi aka sake buɗewa. Kada kuma a ce ƙaddara ce kawai. Ruwan Alau ya taɓa cin garin a 1994, an san halinsa. Masana yanayi sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan saman 2024 ƙarfi a yankin Tafkin Chadi, gaskiya ne, Chadi da Nijar ma sun sha. Amma wanda ya san damina tana ƙara nauyi shi ya kamata ya fi kowa gyara madatsarsa. Sai bayan ɓarna gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 na gyara a 2025.

Malam Goni: Injiniya, wannan wata magana ce daban. Ruwa bai tambayi kowa katin gudun hijira ba. Ya ci gidan attajiri, ya ci na talaka.

Nas Hauwa: Malam, ruwa bai tambaya ba, amma taimako ya tambaya. Na yi aiki a wurin kula da masu amai da gudawa bayan ambaliyar, lokacin da gwamnatin jiha ta ayyana ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba. Ka san gadon: tamfol ne da huda a tsakiya, bokiti a ƙasa, bokiti a gefe. Za a kawo maka yaro idonsa ya faɗa, ka ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma ba, kana laluben jijiya don ƙarin ruwa kana tambayar mahaifiyarsa wace unguwa suke, domin a tura masu feshi da maganin tsaftace rijiya. Mai gida a unguwa za ta gaya maka layi da sunan bulama, wato mai unguwa. Wadda ta fito daga sansani sai ta ce, "bayan gidan bulo, wajen kwari." Ba bulaman da ya san da ita. Ranar rabon kayan agaji ana bin gida-gida da sunan mai gida, ita ba gida, ba suna. A sansani, duk lalacewarsa, akwai famfo mai sinadari, akwai masai, akwai mai zagayawa yana auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore. Da aka watse, waɗannan ba su bi mutane ba. Ni abin da yake ci mini rai ke nan, wallahi. Yaron da za a gano tamowarsa tun tana rawaya, yanzu sai ta kai ja ake kawo shi.

Isuhu: Daga Diffa nake gaishe ku. Mu ma an yi wannan a nan. A Yunin 2021, zamanin Bazoum, an mayar da dubban mutane garin Baroua da rakiyar sojoji, aka yi murna. Watan Agusta aka kai wa sojojin wurin hari, 16 suka rasu. Ban ce kada a koma ba, mutanenmu ma sun gaji da zama a bakin titi. Amma ranar komawa ba ita ce ƙarshen aiki ba.

Malam Goni: Duk na ji. To ku amsa mini wannan. Wa zai ciyar da su? Amurka ta janye mafi yawan tallafinta a 2025. Hukumar abinci ta duniya da kanta ta yi gargaɗi a tsakiyar shekarar cewa kuɗinta na ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas ya ƙare. Da an bar mutanen nan jibge a Dalori suna jiran mota, yau da me za su ci? Gwamna ya hango wannan tun da wuri. An gina gidaje, an gina makarantu da dakunan shan magani a garuruwa da dama, kowa ya gani. Wanda ya dogara da tukunyar wani, ranar da aka sauke ta da yunwa zai kwana. Gara wahalar gona da wulaƙancin layi.

Barista Aisha: Malam, hujjarka ta abinci tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Amma akwai doka a kan wannan. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka a 2012. Ta ba wanda aka raba da gidansa zaɓi uku: ya koma, ko ya zauna inda ya samu mafaka, ko a tsugunar da shi wani wuri. Kuma sai da yardarsa, cikin aminci da mutunci. Zaɓi na biyun nan shi aka yi wa rowa. Mutumin da ya shekara bakwai a Maiduguri, 'ya'yansa suna makaranta, ya koyi ɗinki ko tura baro a kasuwa, ɗan Najeriya ne, yana da ikon zama. Sannan a Disambar 2021 gwamnatin jiha ta hana ƙungiyoyin agaji raba abinci a garuruwan da aka mayar da mutane. In ka rufe masa nan, ka tsayar da abinci can, ka ce ya zaɓa, wace yarda ce ta rage?

Malam Goni: An yi haka ne don a yaye mutane daga dogaro.

Yagana: Malam, Darul Jamal fa? Garin da ke ƙaramar hukumar Bama, an mayar da mutanensa, ba su daɗe ba aka shiga musu cikin dare a farkon Satumban 2025, aka kashe sama da 60. Gwamna da kansa ya je ta'aziyya. Waɗannan sun yi duk abin da aka ce su yi.

Baba Modu: Allah ya jiƙansu. 'Ya'yana, ni ba zan koma sansani ba ko an buɗe. Amma ƙanena yana Maiduguri da 'ya'ya takwas, ya ce ba zai zo ba sai an buɗe hanyar ƙauyenmu, kuma ban ga laifinsa ba. Shi a ba shi takardar zama inda yake, ni a faɗaɗa mini inda zan noma.

Malam Goni: Batun rajistar waɗanda suka zauna a gari, a sa su a littafin bulama da na hukumar agajin jiha, wannan ina goyon baya. Amma rufe sansani, ina nan a kan bakana.

Nas Hauwa: To a fara da rajistar, Malam, kafin damina. A bi kwarin nan rumfa-rumfa a rubuta su, a haƙa musu masai, a kai musu famfo, a sa yaransu cikin masu karɓar rigakafi. Har yanzu a bakin ruwan suke kwana.