Ciwon hanta aka ce ina da shi, amma ƙafa ce ke kumbura

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka da shawara. Tun awon cikin ɗana na biyu a 2021 aka ce ina da ciwon hanta na hepatitis B. Lokacin maigidan ba ya gari, uwar mijina ce ta raka ni. Kafin magariba zance ya zaga dangi, har kofi da cokali aka ware mini. Tun ranar ban sake komawa asibiti ba. To wata uku ke nan ƙafafuna na kumbura, fitsarina na kumfa kamar an zuba omo, gwiwa da yatsu na ciwo. Idona bai canza ba. Hanta na kawo wannan?

Yaya Babba: Sanyi ne ƙanwata. Ki nemi maganin sanyi.

Anti Nas: Kar ki ɓata lokaci da zancen sanyi. Ƙwayar cutar ba a hanta kaɗai take tsayawa ba. Garkuwar jiki tana kama ta, su dunƙule, su maƙale a matatar ƙoda, sai sinadarin furotin ya riƙa zuba a fitsari. Kumfar ke nan, kumburin ke nan. Ciwon gaɓoɓi ma tana kawowa. Gobe ki je a auna fitsarinki, a duba ƙoda da yawan ƙwayar a jini. Kuma kofi ba ya yaɗa ta.

Uwar Marayu: Wallahi ni saboda gwajin nan aka fasa auren 'yata, lefe ya riga ya zo. Har yau ba ta fita biki.

Maman Biyu: Allah ya musanya mata. Anti, ai ina shan jiƙon da Hajiya uwar mijina ke haɗa mini, in ciwon ya tashi na sha diclofenac.

Anti Nas: Ki daina duka biyun yau! Diclofenac na cin ƙoda. Tenofovir ɗin da ake ba masu B ma sai an duba ƙoda, in ta taɓu likita kan koma entecavir.

Yaya Babba: Maƙwabcina kwana casa'in ya sha magani ya rabu da ita.

Anti Nas: Wataƙila hepatitis C gare shi, ita ake warkewa a mako 12. B danne ta ake yi.

Maman Biyu: Jiƙon fa shi ke sa ni barci. In na ƙi sha Hajiya za ta ce na raina ta. Kuma maigidan bai ma san da kumburin ba.

Uwar Marayu: Shi an gwada shi kuwa?